Ina Gawar Bigfoot?

Edita,

Ka ba ni fili in tanka wa masu rantsuwa cewa Bigfoot, ƙaton birin nan mai tafiya da ƙafa biyu, yana dazukan Amurka. Babbar hujjarsu fim ne da wasu mutum biyu, Patterson da Gimlin, suka ɗauka a 1967, mai kusan minti ɗaya. Yau kowane maharbi da waya a aljihu, amma hotunan har yanzu dishi-dishi.

A 2008 wasu a jihar Jojiya suka ce gawar Bigfoot na cikin firiza. Ƙanƙara na narkewa, sai ga rigar roba!

Masu cewa ai gorilar kan tsaunuka ma sai 1902 Turawa suka san da ita, su tuna harbe ta aka yi, aka kai ƙasusuwanta Berlin.

Naka,
Wani mai karatu