Wa muke bar wa tsofaffinmu idan mun fita nema?



Da yawa daga cikin dattawan da ke kwance a ɗakunan Zango da sauran unguwanninmu na Agege ba jiya suka zo Legas ba. Wasu jirgin ƙasa ne ya sauke su tun suna samari suka shiga harkar goro, wasu sun yi shekaru da yawa suna fawa a Abbatuwar Oko-Oba, wasu gadi suka yi har ƙarfi ya ƙare. A nan suka yi aure, a nan suka haifa, a nan kuma tsufa ya riske su. Da a Kano ne ko Katsina, da tsoho yana cikin babban gida, ga surukai, ga jikoki, ga maƙwabta masu leƙowa. A nan kuwa ɗaki ɗaya ne ko biyu a gidan haya, banɗaki na kowa da kowa. Ɗa ya fita tun asuba don ya riga cunkoso, matarsa na wurin sana'a, yara na makaranta. To daga safe zuwa magariba, wa ke tare da Baba?

Amsar ita ce wani ne muke biya, amma ba ma son a faɗa. Muna alfahari cewa Bahaushe ba ya kai iyayensa gidan tsofaffi irin na gwamnatin jiha da ke Yaba, kuma ni ma ban ce a kai ba. Sai dai wannan alfaharin ya sa muna jin kunyar cewa jinya ta fi ƙarfinmu. Saboda haka sai mu ɗauko mai taimako a ɓoye, ba wanda ya san daga ina yake, ba wanda ya koya masa komai, ba kuma mai bin sawunsa. A ganina wannan rufa-rufar ta fi rashin kuɗi cutar da tsofaffinmu.

Dubi waɗanda muke ɗauka. Akwai yarinyar da ake aikowa daga ƙauye, 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku, a ce ta kula da Hajiya. Ita kanta kulawa take buƙata. Ba za ta iya ɗaga babbar mace daga tabarma ba, ba ta iya karanta sunan magani ba, idan Hajiya ta suma kuka kawai za ta yi. An zalunci mutum biyu ke nan a ɗaki ɗaya.

Akwai kuma wadda unguwa ke kira nas, kuma a nan ne nake son mu tsaya. Ba duk mai farar riga da jakar allura ce nas ba. Da yawa koyon aiki suka yi a wani ƙaramin asibiti, suka iya ɗaura ruwa da yin allura, shi ke nan. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ba ta san da su ba, domin nas ta gaskiya tana da rajista da lasisi daga wannan majalisa, kuma ba laifi ba ne ka ce a nuna maka. Mu kuwa mun ɗauka cewa duk rashin lafiya ƙarin ruwa ne maganinta. Tsohon da zuciyarsa ko ƙodarsa ta yi rauni, idan aka ɗura masa leda biyu a jere ba tare da an auna shi ba, ruwan na iya taruwa a huhunsa numfashi ya gagara. Idan ya cika sai mu ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma hakan ba ya wanke sakaci. Haka yaron kemis da ke ƙulla haɗin ƙwayoyin ciwon jiki a leda: irin waɗannan magunguna, idan tsoho ya daɗe yana sha, suna cin ciki suna lalata ƙoda, suna kuma tayar da hawan jini. Mafi muni shi ne maganin barci da ake ba tsohon da ya rikice don a huta da surutunsa. Yana tashi cikin dare jiri na ɗibarsa, ya nufi banɗaki mai santsi, ya faɗi ƙugu ya karye. Tsohon da ƙugunsa ya karye, sau da yawa ba ya sake miƙewa.

Alamomin jinya marar kyau ba sa buƙatar likita kafin a gane su. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ana juya shi kamar bayan kowace awa biyu, in ba haka ba gyambo zai fito a gadon baya da ƙugu da dunduniya. Amma ɗa namiji na jin nauyin buɗe zanen mahaifiyarsa, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce "Inna ya jiki?", ita kuma ta ce "Da sauƙi", don ba ta son ta ɗora masa damuwa. Sai wari ya fito sannan a sani. In kai ba za ka iya dubawa ba, sa matarka ko 'yar uwarka ta duba, kowane mako. A ƙirga ƙwayoyin magani a ga ko suna raguwa daidai. A lura ko tsohon yana yin tsit idan mai jinya ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida masu shekara 60 zuwa sama na fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma a cikin al'umma ake nufi, ba a gidajen tsofaffi ba. Tsawa na ciki, hana abinci na ciki, riƙe katin cirar kuɗinsa ma na ciki, kuma ba kullum baƙo ne ke aikatawa ba.

A nan dole a yi wa masu jinya adalci. Wanda ke kwashe bayan gida, ya wanke, ya kwana bai runtsa ba, sannan a riƙe masa albashin wata biyu, ba ranar hutu, ba ko safar hannu, me ake tsammani daga gare shi? Araha ba ta ado. Wanda ba zai iya biyan mai jinya yadda ya kamata ba, gara 'yan uwa su raba kwanaki a tsakaninsu.

Gwamnati fa? A takarda akwai abubuwa. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Ban ga inuwarsu a ɗakunan Zango ba tukuna. Abin da ya fi kusa da mu shi ne na jiha: hukumar HEFAMAA ce ke yi wa asibitoci da wuraren jinya rajista a Legas, don haka duk kamfanin da ya ce zai turo maka ma'aikacin jinya gida, tambaye shi wace hukuma ce ta san da shi. Akwai inshorar lafiya ta Ilera Eko, wadda ta mazauna Legas ce ba ta Yarabawa kaɗai ba, amma mutanenmu ba su damu da ita ba. Akwai lambobin gaggawa 112 da 767. Kuma idan bakin tsoho ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan ba lokacin kiran nas ɗin unguwa ba ne. A yi Babban Asibitin Orile Agege da shi, ko asibitin koyarwa na Ikeja, a cikin sa'ar.

Saura waɗanda ba su da kowa, masu kwana a shago ko a rumfar masallaci. Abin da muka saba shi ne a yi karo-karo a sa mutum a mota zuwa Arewa. Wani lokaci hakan daidai ne. Amma a fara binciken ko akwai mai karɓarsa a can, ko kuma jikinsa zai iya jure tafiyar kwana da yini. Mutumin da ya bar garinsu shekara hamsin, wani lokaci Agege ce kaɗai gidan da ya rage masa.

Ga abin da zan gabatar a zamanmu na gaba, kuma ina neman goyon bayan iyayenmu sarakai da limamai. Ƙungiya ta buɗe littafi na dattawan da ke kwance a kowane layi, da sunan mai kula da kowannensu da wanda ya tsaya masa. A nemi ma'aikatan jinya na gaskiya, cikin 'ya'yanmu ma akwai su, su koyar da matanmu da matasanmu juya marar lafiya, wanka, ba da abinci ba tare da ya shaƙe ba, da awon jini da sukari. Sannan mutum biyu, mace da namiji, su riƙa zagayawa ba tare da sanarwa ba. Na san za a ce wannan shiga sirrin gida ne. Ba wanda za a tilasta wa, kuma abin da aka gani a ɗaki ba zai fita zaure ba. Duk mai ɗa ko 'ya da ta karanci aikin jinya, ya kawo min sunanta bayan sallar Juma'a.

Sakatare