Yin Wayarin Ɗakin Tafi-da-Gidanka da Hannunka: Fa'idodi da Illoli

A Amurka akwai wata 'yar tirela da ƙaramar mota ke ja, siffarta kamar ɗigon hawaye, gaba da faɗi, baya a tsuke. Ba irin tirelar dakon kaya da muka sani ba ce. Ɗan ɗakin kwana ne a kan taya biyu, galibi faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 8, katifa a ciki, madafa a baya. Tun shekarun 1930 ake ƙera ta a gida, ta kuma yi tashe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ragowar alminiyom na jiragen yaƙi ya yi araha. Har gobe mutane na haɗa ta a garejin gidajensu don fita kwanan daji. Aikin katako ba ya ba su tsoro. Inda suke yin jim shi ne wayarin: mutum ya yi da kansa, ko ya kira mai aikin wuta?

Ragin kuɗin aiki ita ce fa'idar da kowa ke fara ambata, amma a ganina ba ita ce babba ba. Babbar ita ce sani. Wanda ya ja kowace waya da hannunsa ya san inda ta bi, ya san inda ya haɗa ta. Idan fitila ta ɗauke da tsakar dare a dajin da babu mai gyara, ba zai tsaya lalube ba. Sannan aikin yana tilasta masa lissafi. Sai ya zauna ya ƙidaya fitilu nawa, fanka awa nawa, cajin waya, ɗan firij, kafin ya san girman batirin da zai saya da faifan solar da zai cika shi. Wutar batir kuma bolt 12 ce kawai, ba ta jan mutum, don haka ɗan koyo yana iya taɓa ta ba tare da fargaba ba.

To, a nan ne illar take ɓoye. Wutar da ba ta ja, tana ƙonawa. Kayan da ke cin wat 120 amfiya 1 kacal yake zuƙa a wutar gidan Amurka mai bolt 120, amma a batir sai ya zuƙi amfiya 10. Inbata mai wat 1,000 kuwa tana wuce amfiya 80. Siririyar waya ba ta ɗaukar wannan nauyi. Zafi take yi a hankali cikin bango, inda ido ba ya gani, bangon kuma katako ne da soso, mutum yana kwance a tsakiyarsu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu tsallake fis. Batir guda, idan wayoyinsa biyu suka haɗu, yana iya sakin ɗaruruwan amfiya nan take, waya ta yi ja wur kafin a farga. Fis ɗin da ke hana wannan ba shi da tsada, kuma wurinsa dab da kan batir ne, ba can nesa ba, domin waya yake karewa, ba fitila ba.

Akwai kuma abin da mai wayarin gida ba ya tunawa: wannan ɗaki tafiya yake yi. Girgizar hanya tana karya waya mai sanda ɗaya, shi ya sa ake amfani da mai silli-silli. Tana kwance haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef, tana kuma goga waya a bakin ƙarfe har rigarta ta cinye. Launi ma yana ruɗarwa. A mota an saba baƙar waya ita ce negatib, amma a wayarin gidan Amurka baƙar ita ce mai wuta, a filogin tirela kuma fara ce ke tafiya jikin ƙarfe.

Batirin kansa yana da hali. Mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, don haka ba a kulle shi inda ake barci, kuma idan ana yawan sauke shi ƙasa da rabi ba ya daɗewa. Na litiyom ya fi sauƙin nauyi, ya fi ƙarko, amma da tsada, kuma caji cikin sanyin da ruwa ke daskarewa yana lalata shi.

Inda ban yarda da koyo a kan aiki ba shi ne wutar gari. A sansanonin shaƙatawa na Amurka ana jona tirela da bolt 120, kuma idan aka yi kuskure a wayar atin, jikin ƙarfen tirelar gaba ɗaya yana iya ɗaukar wuta. Yaro ya fito ba takalmi, ƙasa da raɓa, ya kama ƙofa, shi ke nan.

Na san ba mu cika jan irin wannan tirela a ƙasarmu ba, amma batirin da inbatar da faifan solar su ne dai a shagunan cajin waya da ɗakunan kwananmu, kuma wutar garinmu ta kusa ninka ta Amurka, bolt 220 zuwa 230 ce. Hukuncina ɗaya ne ga mai tirela da mai shago. Ɓangaren batir, ka yi da kanka, da waya mai kauri da fis a kan kowane layi. Ɓangaren wutar gari kuwa, ka kira wanda ya san aikin ya haɗa, ya gwada, kafin kowa ya kwana a ciki.