Filin Kimiyya: Kafin A Sayo Leza

Akwai wata na'ura, leza, mai harba haske ta cikin zaren gilashi siriri kamar silin gashi. Takan walƙa sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda, kowace walƙiya gajera ainun, har masana kan bi motsin ƙwayoyin zarra da ita. Da irin gajeren hasken nan Ahmed Zewail, mutumin Masar, ya ci kyautar Nobel a 1999.

To, Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da fiziks, amma leza ba ta jure ɗaukewar wuta. A 2021 mahara suka katse birnin daga layin lantarki na ƙasa, sai a 2023 aka buɗe tashar gas mai megawat 50. Lalle ne hukuma ta fara tabbatar wa ɗakunan bincike wuta tukuna.