Birnin da Ke Ƙarshen Waya

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Katsina ta Dikko ba ruwan da ya kewaye ta, amma a sha'anin wutar lantarki ita da tsibiri duk ɗaya ne, gama wutar da ake kunnawa a cikinta baƙuwa ce. Daga Kainji da Jebba da Shiroro take tasowa, da tashoshin gas na Kudu, ta ratsa Kaduna, ta ratsa Kano, sa'an nan abin da ya rage ya iso Ƙofar Ƙaura. Wanda ke ƙarshen layi a gidan biki kuwa ya san irin tuwon da ke isowa gare shi.

An sha sake wa mai wutar suna. A 1951 ECN ce, a 1972 ta zama NEPA, a 2005 aka ce PHCN. Ran 1 ga Nuwamba 1913 ba a san ta ba a nan, amma ran 1 ga Nuwamba 2013 aka danƙa rabon wutar Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Suna huɗu ke nan, hanyar wutar kuwa ba ta sake ba. Kamfanin rabo ba ya yin wuta, saye yake ya sayar. In ba a aiko masa ba, ba shi da abin rabawa.

Jama'a sun ga ƙarshen wannan shiri a watan Oktoba 2024. An riga an lalata babbar wayar da ta taso daga Shiroro zuwa Kaduna, kana wadda ta taso daga wajen Enugu ta bi ta Makurɗi da Jos ita ma ta lalace. Sai galibin Arewa ta afka cikin duhu fiye da mako guda. Mai walda a Ƙofar Marusa ya rataye kayan aiki, mai niƙa ya koma sayen man dizal, mai ƙanƙara ya zubar da ruwa. Ɓarnar da aka yi a dajin da ba su taɓa gani ba ita ta hana 'ya'yansu abinci. Mutanen Maraɗi ma sun ɗanɗana irin wannan, domin wayar da ke kai musu wuta ta Katsina ta bi, a 2023 kuwa Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki.

Abin takaici shi ne, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Tun Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana Gwamna aka ƙulla shirin tashar iska a Lambar Rimi, mai injin 37 masu kama da manyan fankoki, wadda aka ce za ta ba da megawat 10. Gwamnatin Tarayya ta karɓi aikin, ta ba kamfanin Vergnet na Faransa. A watan Disamba 2012 aka sace injiniyan kamfanin a garin Rimi, aiki ya tsaya. An fi shekara goma ana ɗaga ranar buɗewa. Da duhun 2024 ya zo, fankokin nan ba su fisshe birnin ba. Dalili kuwa a fili yake: injin iskan da aka haɗa da babbar waya, in ta mutu shi ma tsayawa yake yi, sai fa in an tanadar masa wurin ajiyar wuta.

To, a duba wani tsibiri na ainihi. El Hierro yana cikin Tekun Atlantika, yamma da Maroko, ƙarƙashin mulkin Sifen, mutanensa kimanin 11,000. Ba wayar da ta haɗa shi da wata ƙasa. A 2014 suka buɗe tasha mai injin iska biyar, megawat 11.5, watau kusan daidai da ta Lambar Rimi. In iska ta yi yawa, sai a tura ruwa da rarar wutar zuwa wani tafki a kan dutse. In ta kwanta, a sako ruwan ya juya inji. A 2019 sun yi fiye da kwana 20 a jere ba su ƙona dizal don wuta ba. Majalisar tsibirin ce ke da kaso mafi girma a kamfanin, watau masu tashar su ne masu kwana cikin duhu in ta ɓaci.

Wani zai ce Katsina ta fi tsibirin nan jama'a nesa ba kusa ba, megawat 10 ba za su ishe ta ba, ga shi kuma ba ta da tafki a kan dutse. Gaskiya ne. Amma megawat 10 sun isa su riƙe asibiti da famfunan ruwan Ajiwa ranar da waya ta tsinke. Abin da Katsina ta rasa na dutse kuwa Allah ya ba ta na rana, batir kuma ya iya ajiye wutar rana zuwa dare.

Hujjar da ake fakewa da ita, wai lantarki sha'anin Tarayya ne, ta riga ta faɗi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba kowace jiha iko ta yi wutarta, ta raba, ta kafa hukumar da za ta lura da ita. Saboda haka kukan da ake kaiwa ofishin kamfani kaɗai bai isa ba. Lalle ne masu sana'a, da malamai, da masu unguwanni su tambayi wakilansu a Majalisar Jiha abu uku: nawa ne Lambar Rimi ta ci, nawa take bayarwa, kuma wace tasha ce za ta riƙe asibiti in Kano ta yi duhu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wayar nan za ta sake tsinkewa, gama ta sha yi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.