Batirin Gas a Jami'o'inmu: A Kawo Bututu Tukuna

Tun da aka ƙara kuɗin lantarki a watan Afrilu na 2024 jami'o'in ƙasar nan suke kuka, ga shi kuma man dizal ya fi ƙarfin aljihunsu. Saboda haka wani zai ce me zai hana mu yi koyi da Amurka, inda makarantu irin su Jami'ar Bridgeport suka kafa batirin gas domin samar wa kansu wuta?

Shi dai batirin nan ba ƙona gas yake yi ba kamar janareta. Yana ciro iskar haidurojin ne daga cikin gas, ya gama ta da iskar da muke shaƙa, sai lantarki ya fito, ba ƙara, ba baƙin hayaƙi. Kimanin rabin ƙarfin gas ɗin yake mayarwa wuta. Lalle abin sha'awa ne.

Amma fa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na'urar tana da tsadar gaske, da kuɗin ƙasashen waje ake sayenta, kuma bayan 'yan shekaru dole a sake kayan cikinta. Babban abin ma shi ne tana bukatar gas dare da rana ta bututu. To, ina bututun yake a Bauchi? Na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, bai biyo ta nan ba. In kuwa aka ce a yi ta dakon gas a manyan motoci daga Kudu, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar.

Mu dai a ganinmu, hasken rana shi ne namu a yanzu. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar megawat 7.1 a 2019, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ta samu tata a Gubi. A faɗaɗa wannan, a horar da ɗalibai su riƙa gyara da kansu.

Sa'an nan wakilanmu su tashi tsaye. An ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a Nuwamban 2022, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Su nemi a tsara bututun da zai kawo gas garin Bauchi, yadda ɗalibi a Yalwa da mai walda a Ƙofar Ran duk za su amfana. Ranar da bututu ya iso, sai a yi zancen batiri. Allah ya nuna mana.