Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Jama'a, a 2007 mahaifinmu ya sayar da shanunsa biyu ya sayi hannun jarin wani banki. Bankin ya durƙushe, manyan da suka kashe shi suna nan suna yawo a motocin alfarma. Takardar shaidar jarin tana cikin akwatin Baba har ya koma ga Mahaliccinsa. Da na ce mu kai ƙara, sai dangi suka ce a bar wa Allah. To, yau ina so in yi magana da masu irin wannan tunani.

A Amurka, masu hannun jari sun haɗa kai suka maka kamfanin man Brazil, Petrobras, a kotu kan badaƙalar cin hanci da aka ɓoye musu. A 2018 kamfanin ya yarda ya biya su dala biliyan 2.95. Ba roƙo suka yi ba, lauya suka ɗauka.

Mu fa? Dokar kamfanoni ta 2020 ta bai wa mai hannun jari damar neman izinin kotu ya yi ƙara da sunan kamfani idan daraktoci sun ci amana. Akwai kuma kotu ta musamman ta rikicin kasuwar hannun jari. Amma mu nawa muka taɓa taka ƙofarta?

Shirun da muka yi ne ya sa dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar jarin da ta shekara shida ba a karɓa ba, a zuba ta a wani asusu gwamnati ta riƙa ranta. Ribar wa? Ta tsofaffi da marayu waɗanda ba su ma san ana bin su ba. Haba!

Masu cewa wannan harkar attajirai ce, ku yi haƙuri, kun yi kuskure. Attajiri yana da lauyoyi. Talaka ne ba shi da kowa sai ɗan uwansa.

Don haka kowa ya je gida ya buɗe akwatin iyayensa. Ku cike fom ɗin karɓar riba ta banki. Mu kafa ƙungiyar ƙananan masu hannun jari a kowace ƙaramar hukuma, mu haɗa kuɗin lauya. Sannan mu tambayi 'yan majalisarmu: nawa ne a asusun nan, kuma yaushe za a mayar wa masu shi?

Duk ɗan takarar da ya kasa amsawa, kada ya zo mana da gishiri da atamfa.