Filin Abin Al'ajabi: Kifi Mai Gemu

Yau labarin wani kifi na kawo muku, sunansa arowana. Ana samunsa a kogunan Maleshiya da Indunusiya, da kogin Amazon na Kudancin Amurka. Ɗan'uwan barginmu ne, sai dai shi bargi ba shi da gemu.

A leɓen arowana na ƙasa akwai wasu siraran tsoka guda 2, kamar gashin bakin tarwaɗa. Wallahi sai ki rantse kwalliya ce, alhali da su yake jin motsin ƙwari a saman ruwa, ya kai musu cafka.

In ana kiwonsa a akwatin gilashi, yakan firgita ya yi karo, gemun ya gutsure. To kar ki ce shi ke nan. Muddin tushen bai lalace ba, ruwan kuma da tsabta, zai sake tsirowa cikin makonni ko watanni, wani lokacin a ɗan karkace. In tushen ya tafi kuwa, da wuya ya dawo.

Ni dai ina ganin haka zuciyar 'ya mace take. Ko saurayi ya yaudare ki, riƙe tarbiyyarki da karatunki, sauran duk mai tsirowa ne.

Sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.